Me ya sa Ƙanƙara ke komawa "Æ˜anÆ™ara" a shafina, kuma alamar + ke ɓacewa daga lambar waya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi wa wata makaranta a nan Daura shafin duba sakamakon jarrabawa da PHP da ɗan JavaScript. Muna tura wa iyaye link ta SMS da WhatsApp, a cikinsa akwai sunan ɗalibi da garinsu da lambar waya da maki. Wasu sunayen suna fitowa da baƙaƙen da ba a gane su, +234 tana fitowa babu alamar tarawa, wani lokacin kuma shafin ya tsaya fari fat, ana ganin "URI malformed". Na ƙara urldecode a kan abin da $_GET ya ba ni, wasu sun gyaru, wasu sun ƙara lalacewa. Akwai wani abu guda da zan kira ya gyara duk link ɗin da ya zo a karye?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Babu shi, kuma wanda duk ya ba ka shi ya ba ka abin da zai ɓoye ciwon ne ya bar shi yana ci. Abubuwan nan da ka lissafa kamanninsu ɗaya a fuskar shafi, amma kowanne daga wurin da ya taso daban. Wani tun a Excel ɗin makaranta ya lalace, wani a wurin haɗa link, wani kuma link ɗin lafiyarsa lau, kai ne ka karanta shi ba daidai ba. Kafin mu je ko'ina, ka cire urldecode ɗin nan da ka ƙara yau ɗin nan. Zan dawo kansa, don shi ne mafi haɗari a cikin duk abin da ka faɗa.

Aikin farko shi ne ka ga abin da ya iso saba, wato kwamfutar da shafinka ke zaune a kai, a ɗanyensa. Kada ka yarda da abin da burauza ke nuna maka a sama, don tana yi maka kwalliya ne: ta nuna maka ƙ sumul alhali abin da ta aika daban. Kada kuma ka yarda da echo $_GET['gari'], don kafin ya zo nan PHP ya riga ya taɓa shi. Abin da za ka duba shi ne $_SERVER['QUERY_STRING'], ko ka shiga cPanel ka sauke ɗanyen log na masu ziyara, wato fayil ɗin da saba ke rubuta kowace ziyara a ciki. Duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya a adireshi, wanda ni nake kira jelar adireshi, za ka same shi nan yadda ya zo. Yawancin waɗanda suka kawo mini irin wannan matsala sun yi kwanaki suna canja kod ba su taɓa kallon wannan layi ba, kuma da sun kalla da minti biyar ya ishe su.

Me za ka gani? Adireshin intanet ba ya ɗaukar komai sai baƙaƙen ASCII, wato na Turanci tsura da lambobi da wasu 'yan alamomi. Ƙa'idar da ake bi yanzu ita ce RFC 3986 ta shekarar 2005, wadda Tim Berners-Lee da Roy Fielding da Larry Masinter suka rubuta. Duk harafin da ba ya cikin waɗanda aka yarje wa, sai a ƙulle shi: a mayar da shi bayit, wato lambobin da kwamfuta ke adana harafi da su, kowane bayit a rubuta shi da alamar % da lambobi biyu na lissafin sha shida, wato 0 zuwa 9 da A zuwa F. A tsarin UTF-8 baƙaƙenmu masu lanƙwasa bayit bibbiyu ne. Ƙaramar ƙ ita ce %C6%99, babbar Ƙ %C6%98, ɗ ita ce %C9%97, Ɗ kuwa %C6%8A, ɓ ita ce %C9%93, Ɓ %C6%81. Alamar naira bayit uku ce, %E2%82%A6. Ka rubuta waɗannan a takarda ka liƙa kusa da kwamfutarka, za su yi maka rana.

Inda gizo ke saƙa shi ne, link ba ya faɗin da wane tsari aka ƙulle shi. Bayit ne kawai a jere. Mai kwancewa shi zai yanke wa kansa hukuncin yadda zai karanta su. Idan ya karanta C6 99 da UTF-8, ya ga ƙ. Idan ya karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, inda kowane bayit harafi ne mai zaman kansa, sai C6 ta zama Æ, 99 ta zama ™. Ga asalin "Æ™" ɗinka. Haka ɗ ke komawa "É—", haka kuma za ka ga Ɗanja ta zama "ÆŠanja".

To yanzu ka duba ɗanyen layin. Idan ka ga gari=%C6%98an%C6%99ara, link ɗinka ba shi da laifi ko kaɗan. Ɓarnar tana gaba: ko shafin bai sanar da burauza cewa UTF-8 yake ba, ko kuma hanyar da ke tsakanin PHP da MySQL, rumbun bayananka, tana kan tsarin latin1. Na biyun ya fi yawa a wurinmu, saboda kafin MySQL 8.0 latin1 ne tsarin da yake zuwa da shi, kuma latin1 ɗin MySQL a zahiri Windows-1252 ne. Ka sa charset=utf8mb4 a layin haɗin PDO, wato inda PHP ke haɗuwa da rumbun, ko mysqli_set_charset, ka tabbatar teburan ma utf8mb4 suke, ka sa meta charset a kan shafi. Wannan ba matsalar link ba ce, ba zan daɗe a kanta ba.

Amma idan a wurin ƙ guda ka ga bayit biyar, %C3%86%E2%84%A2, to tun kafin a haɗa link sunan ya riga ya zama "Æ™", sai aka ƙulle ɓarnar da kyau aka aiko maka. Nan sai ka koma wa fayil ɗin da ofishin makaranta ya ba ka. Excel idan ya buɗe CSV na UTF-8 wanda ba shi da alamar farko da ke sanar da shi, yakan karanta shi da tsarin Windows. Mafi muni shi ne a adana fayil a matsayin CSV na gama-gari maimakon "CSV UTF-8": nan ƙ da ɗ da ɓ duk alamar tambaya suke komawa, kuma babu kod ɗin da zai iya gaya maka "?" ɗin nan ƙ ce ko ɗ. Sai dai a koma rajista a sake bugawa. Akwai ma wani gado da muka ci daga shekarun baya: tsofaffin font na Hausa da ake danna } ta fito a matsayin ƙ, a danna ] ta fito ɗ. A kwamfutar magatakarda kyau gare su, da sun bar ta sai ka ga "}asa" da "]aya". Idan ka ci karo da su a jerin sunaye, a fayil ɗin za ka gyara, ba a link ba.

Akwai kama ta uku da ke rikita mutane. Idan fom yana kan shafin da ba UTF-8 ba, aka buga ƙ a ciki, burauza ba ta da bayit ɗin da za ta ba ta a wannan tsari, sai ta aika lambar harafin a rubuce, &#409;, wadda a jela za ta fito %26%23409%3B. Ta ɗ ita ce 599, ta ɓ 595. Abin yaudarar shi ne idan ka yi echo ɗinsa a HTML, ƙ za ka gani ras, ka ɗauka komai daidai ne, alhali a rumbun bayananka baƙaƙe shida ne kwance a wurin guda. Ranar da aka nemi sunan sai a ce babu shi.

Sai maganar +234. Nan PHP bai yi kuskure ba. Tun farkon fom na HTML a shekarun 1990, al'adar ita ce idan za a aika abin da aka cike, ana mayar da fili tsakanin kalmomi alamar +. Saboda haka duk + da ta zo tsirara a jela, $_GET zai ɗauke ta fili ne. In kana nufin ainihin alamar tarawa, %2B za ka aika. Lura da wani abu: wannan al'ada ta jela ce kaɗai, a sashen adireshi da ya zo kafin alamar tambaya + tana nan a +. Kuma decodeURIComponent na JavaScript bai san da al'adar ba sam, ba ya mayar da + fili. Shi ya sa link guda za ka ga PHP ya karanta "Zangon Daura", JavaScript ɗinka ya karanta "Zangon+Daura".

Na san abin da zai zo maka a rai: str_replace(' ', '+', ...). Kada ka yi shi a kan dukkan jela, garin neman gira za ka rasa ido, kowane suna mai kalma biyu zai lalace. Lambar waya ita kaɗai za ka yi wa magani, kuma maganinta ba ya buƙatar alamar ma. Ka zubar da duk abin da ba lamba ba. In abin da ya rage lambobi 13 ne da suka fara da 234, ko 11 da suka fara da 0, ka san ta Nijeriya ce, ka adana ta a siffa guda. Tunda a Daura kake, kada ka manta da iyayen da ke riƙe da layin Nijar, ga Kongolam nan kusa: nasu 227 ne sannan lambobi 8. Abin da bai shiga ko ɗaya ba, ka ƙi shi.

Ni kaina wannan alama ta taɓa hana ni barci. Wani aiki ne na yi a nan Katsina, link ɗin tabbatar da rajista ɗauke da mabuɗin sirri na bayit 32 da na mayar base64, wato tsarin rubuta bayit da baƙaƙe. Na gwada sau uku, duk ya yi. Da aka saki abin sai waya ta fara ƙara, wannan ya ce ya shiga, wancan ya ce an ce mashi mabuɗi ba daidai ba, kuma babu wani abu da ya haɗa waɗanda abin ya ƙi. Na zargi netwok, na zargi wayoyinsu, har kamfanin da ke tura saƙon na zarga. Sai bayan la'asar ta rana ta biyu na buɗe log, na jera mabuɗan da suka faɗi, na ga kowannensu da + a ciki. Base64 yana aiki da baƙaƙe 64 ne, + tana cikinsu, kuma in ka yi lissafi, mabuɗi mai wannan tsawo kusan rabin lokaci sai an samu aƙalla guda a ciki. Gwajina uku sa'a ce kawai ta raka su. Akwai nau'in base64 da aka yi don adireshi, mai amfani da - da _ a madadin + da /, yana cikin RFC 4648. Da shi na koma.

Alamar & da # su kuma yankan link suke yi. In ajin yaro "A&B" ne ka liƙa shi haka, saba za ta ga aji=A, sannan wani abu daban mai suna B wanda ba shi da ƙima. Ita # ta fi, don duk abin da ya biyo bayanta burauza ba ta ma aika shi, ko a log ba za ka gan shi ba. Haka fili tsirara: manhajar saƙo tana ganin fili ta ɗauka link ya ƙare, uba ya danna rabin link. Waɗannan babu dabarar da za ka yi a saba ta dawo da abin da bai iso ba.

Shafin da ke tsayawa fari kuwa, ina kyautata zaton maki ne. In ka rubuta maki=75% a link, alamar % ɗin nan ta yi alkawarin lambobi biyu na biye, babu su. decodeURIComponent ba ya haƙuri da wannan, sai ya jefa URIError, kuma in ba ka tare shi ba duk JavaScript ɗin da ke ƙasa ya tsaya. Haka yake yi in bayit ɗin ba su haɗa UTF-8 mai inganci ba, misali %E9 ita kaɗai, ko %u0199 da tsohon escape() ke fitarwa in aka ba shi ƙ. In akwai escape() a kod ɗinka, ko a wanda ka kwafo, fitar da shi. Daidai rubutun shi ne 75%25, don ita ma % sai an ƙulle ta.

Abin da ya kamata ka sani shi ne kowane yare da halinsa a gaban karyayyen link. URLSearchParams na burauza ba ya kuka, % mara mabiya ya bar ta yadda take, bayit marasa ma'ana ya sa � a wurinsu. Haka parse_qs na Python yake yi in ba ka ce masa ya tsananta ba. URLDecoder na Java yana jefa IllegalArgumentException. A Go, Query() shiru yake zubar da faramitar da ta karye, wato suna da ƙimarsa irin aji=A, kamar ba a aiko ta ba. PHP kuwa ya fi kowa sakaci: zai miƙa maka bayit ko wane iri ne ba tare da ya duba UTF-8 ne ko a'a ba, sai can gaba json_encode ya dawo maka da false, ko MySQL ya ce "Incorrect string value", kana ta neman laifi a inda ba nan aka yi shi ba. Ni a ra'ayina mai kuka ya fi mai shiru. Wanda ya tsaya ya gaya maka akwai matsala, wanda ya sa � ya wuce kuwa ya shigar maka da gurɓataccen suna cikin rumbu, sai ranar buga takardar shaida a gani.

Mu dawo kan urldecode na biyu. $_GET ya riga ya kwance ƙullin sau ɗaya. Waɗanda suka gyaru a hannunka su ne waɗanda aka ƙulle sau biyu tun farko, alamarsu %25: ƙ ta zama %25C6%2599, fili ya zama %2520. Waɗanda suka lalace kuma su ne masu lafiya. Wanda ya aiko %2B daidai, kwancewar farko ta ba shi +, ta biyu ta mayar da ita fili. Ga kuma wani abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman: da, ba, fa, ce, duk huɗun nan ingantattun lambobi ne a lissafin sha shida. Malami ya rubuta "75%ce" a wurin sharhi bai bar fili ba, kwancewa ta biyu ta haɗiye "%ce" ta mayar da ita bayit guda mara ma'ana. Ba ƙara, ba gargaɗi.

Wannan duk ɓarnar rubutu ce. Babbar ita ce ta tsaro. A ce kana duba abin da aka aiko, ka hana "../" don kada a fita daga jakar fayilolinka. Mai mugun nufi ya aiko %252e%252e%252f. Bayan kwancewar farko abin da mai gadinka ya gani shi ne %2e%2e%2f, bai ga laifi ba, ya buɗe ƙofa. Kwancewa ta biyu a ciki ta mayar da shi "../". Ba tatsuniya ba ce. A 2001 an samu wannan kuskure na kwancewa sau biyu a sabar IIS ta Microsoft, kuma tsutsar Nimda da ta bazu a watan Satumba na shekarar tana cikin waɗanda suka bi ta irin waɗannan ƙofofi. Bayan shekara ashirin, a Oktoban 2021, Apache 2.4.49 ya faɗa ramin ɗigo da aka ƙulle, aka fitar da 2.4.50 don gyara, cikin 'yan kwanaki aka tsallake gyaran da ƙulli biyu, sai da aka sake fitar da 2.4.51. In masu rubuta saba da kansu suna zamewa a nan, ni da kai sai mu taka a hankali. Tsarin shi ne: a kwance sau ɗaya, a wuri ɗaya, sannan a duba, kuma bayan dubawa kada wani ya sake kwance komai.

Ƙulli biyun daga ina yake zuwa? Galibi daga kod ɗinka. Ka kira urlencode a kan suna, sannan ka miƙa shi ga wani abu da shi ma yake ƙullewa. Ko shafin shiga ya ɗauki adireshin da za a koma, ya ƙulle, wani ya sake ƙullewa. Ko wata ƙa'ida a .htaccess, fayil ɗin saitin sabar Apache, da ke ɗauko jela da hannu ta liƙa wa sabon adireshi ba tare da tutar NE mai hana sake ƙullewa ba. Ka bi link guda daga inda aka haife shi har inda ya sauka, za ka ga matakin da %25 ta fara bayyana.

Gyaran gaskiya a wurin haɗa link yake. Ka daina liƙa shi da hannu da ɗigo da alamar zance. Ka ba PHP ƙimomin a ɗanyensu ya ƙulle:

$link = $tushe . '?' . http_build_query($bayanai, '', '&', PHP_QUERY_RFC3986);

Wannan na ƙarshen yana sa fili ya fito %20 maimakon +, wanda PHP da JavaScript duk za su karanta iri ɗaya. A burauza kuma ka karanta da new URLSearchParams(location.search).get('gari'), ka haɗa da shi ko da encodeURIComponent a kan kowace ƙima ita kaɗai. Kada ka ruɗe shi da encodeURI, wanda ke barin & da + da # yadda suke, don shi na cikakken adireshi ne.

Na san abin da za ka ce: saƙonnin da aka riga aka tura fa? Bakin alƙalami ya bushe, suna cikin wayoyin iyaye, kuma za su ci gaba da dannawa har zangon karatu ya ƙare. Gaskiya ne, kuma nan kaɗai nake yarda da faci, bisa sharaɗi. Facin ya zauna a wuri guda, a bakin ƙofa, kafin sauran kod ya taɓa komai. Ya zama na faramita ɗaya-ɗaya, ba na dukkan jela ba. Suna da gari ba sa ɗauke da % a rayuwa, saboda haka in bayan kwancewar PHP ka ga % da lambobi biyu a cikinsu, kana da hujjar sake kwancewa sau ɗaya tak da rawurldecode, wanda ba ya taɓa +. Ba za ka yi wa sharhi haka ba, ba za ka yi wa sunan fayil ko mabuɗin sirri ko adireshin komawa ba. Bayan haka kowace ƙima ta bi ta mb_check_encoding($k, 'UTF-8'). Wadda ta faɗi, kada ka yi mata canke. Ka mayar da amsar 400, lambar da saba ke cewa buƙatar ba daidai take ba, tare da shafi cikin Hausa mai cewa link ɗin ya samu matsala, ga akwatin da za a sa lambar ɗalibi. Uban da ke tsaye a shagon kwamfuta a bakin kasuwa ya biya kuɗin bugawa, wannan ya fi masa amfani a kan farin shafi, ya kuma fi masa a kan sakamakon ɗan wani.

Masu "Æ™" ana iya dawo da yawancinsu: ka mayar da rubutun zuwa Windows-1252 da mb_convert_encoding, in abin da ya fito ingantaccen UTF-8 ne ka karɓa, in ba haka ba ka bar na asali. Dubawar nan ita ke kare sunan Faransanci na gaske da ya fara da É, irin wanda ɗalibi daga Nijar zai iya zuwa da shi a takardunsa. Babbar Ɓ ce mai gardama, don bayit ɗinta na biyu, 81, ba shi da harafi a Windows-1252, manhajoji da yawa zubar da shi suke ko su sa alamar tambaya. In ka ga Æ ita kaɗai a farkon suna, da hannu za a gyara.

Duk lokacin da facin ya yi aiki, ka rubuta a log ɗanyar jelar da abin da ka mayar da ita. Ka kuma sa masa ranar mutuwa a sharhin kod, misali ƙarshen zango mai zuwa. Faci irin wannan in ba a sa masa rana ba, bayan shekara biyu wani zai gaje shi ya ɗauka ginshiƙi ne.

Akwai alamar da ba ka ambata ba amma tana nan tafe, ita ce ɗaurin da ke cikin Mai'adua da 'Yar'adua da Sa'adatu. Kala uku take zuwa: miƙaƙƙiya ta allon kwamfuta, %27, lanƙwasasshiya da Word da wasu wayoyi ke sauya ta da kansu, %E2%80%99, da wadda Unicode ya ware a matsayin harafi, %CA%BC. Duka ukun ingantattu ne, babu wadda ta karye, amma a wurin kwamfuta sunaye uku ne daban. Ka mayar da su guda kafin ka adana ko ka nema. Kada kuma ka ce za ka goge ta don tsoron masu kutse ta SQL, sunan mutane ne. Maganin wancan shi ne prepare na PDO, sannan htmlspecialchars da ENT_QUOTES a lokacin nunawa. Haka batun nema: iyaye da yawa "Kankara" za su buga, babu lanƙwasa. Dabarar da ake bi a cire wa é na Faransanci hularsa ba ta aiki a kan ƙ da ɗ da ɓ, don a Unicode su ba k da d da b ba ne da aka ɗora wa alama, baƙaƙe ne masu zaman kansu. Sai ka yi ɗan teburinka na sauyawa, ka ajiye wani gurbi na nema kawai, na asali ya zauna da lanƙwasarsa.

Da ni ne kai kuwa, duk wannan wahala zan rage ta da mataki guda: suna da waya da maki su fita daga link gaba ɗaya. Me ya kai makin yaro cikin adireshi? Duk wanda ya iya danna allo zai mayar da 45 ta koma 95 ya ɗauki hoto. Sunan ɗiyar mutane da lambar mahaifinta kuma suna zaune a log ɗin saba, da tarihin burauzar shagon da aka duba, da duk zauren WhatsApp da aka tura link ɗin. Ka ba kowane sakamako mabuɗi nasa, bin2hex(random_bytes(16)), baƙaƙe 32 daga 0 zuwa 9 da a zuwa f, babu abin ƙullewa a ciki balle a kwance. Sauran bayanai saba ta ɗauko daga rumbu. Makarantar ma za ta ga sauƙi a aljihu: SMS guda baƙaƙe 160 yake ɗauka, amma da ƙ guda ta shiga tsirara sai saƙon ya koma tsarin da ke ɗaukar 70 kacal, in kuma an ƙulle ta ta cinye gurbi shida. Ka nuna wa mai makarantar wannan lissafi, shi zai matsa maka ka canja.

Kafin ka sake tura ko saƙo guda, ka ƙirƙiri ɗalibin gwaji. A gari ka sa "Ƙofar 'Yanɗaka", a unguwa "Ƙofar Durɓi #2", aji "A&B", sharhi "75%ce + ₦500", waya ta fara da +227. Ka tura wa kanka ta SMS, ka tura ta WhatsApp, ka buɗe a ƙaramar waya da babba, ka kwatanta abin da ya sauka da abin da ya tashi da ===, ba da ido ba. In wani ya ƙi, ka kwafo mini layinsa daga log yadda yake, ka dai rufe lambar wayar, daga %25 ko %C3 ɗin da ke ciki za mu san matakin da za mu buɗe.